Jadawalin Gaba na Manhajojin Saita Sabar: Wa Ke Tsara Shi, Ina Kuma Yamai a Ciki?

Duk wanda ya taɓa tura kuɗi ta waya a Yamai, ko ya nemi sakamakon jarrabawa ta intanet, ko ya tsaya a layin banki aka ce masa rezo ya ɗauke, ya riga ya ɗanɗana aikin wasu mutane da bai taɓa gani ba. Su ne masu kula da sabar. Suna zaune a ɗakuna masu sanyi a bayan ofisoshin ma'aikatu, bankuna, kamfanonin waya da jami'a, ba a kuma tunawa da su sai ranar da abu ya tsaya. Aikinsu a yau ya dogara ƙwarai da wani rukunin manhajoji da ake kira manhajojin saiti. Galibinsu a Turai da Amurka ake rubuta su, a can ne kuma ake yanke shawarar yadda za su kasance baɗi da baɗin baɗaɗa.

A nan ruɗani ke shigowa. Shugaban ma'aikata ya ji an ce manhaja kyauta ce, sai ya ɗauka kyauta ce har abada. Ya ga takardar da masu manhaja suka fitar ta abubuwan da suke shirin ƙarawa, sai ya ɗauke ta alkawari, har ya gina kasafin kuɗi a kanta. Matashin da ya fito daga makaranta kuwa yakan auna manhaja da yawan sabbin abubuwan da ta zo da su. Waɗannan fahimtoci duk suna buƙatar gyara, gyaran kuma ya fi shafar mai aiki a Yamai fiye da takwaransa na Paris ko Landan.

Ma'anar kalmomi

Sabar kalmar aro ce. Kwamfuta ce wadda ba ta da mai zama a gabanta, aikinta yi wa sauran na'urori hidima: ajiye bayanai, raba wasiƙu, riƙe shafin intanet, lissafin kuɗin da ke cikin asusu. Saiti kuwa shi ne dukkan zaɓin da aka yi wa na'ura: wa ke da izinin shiga, wace ƙofa ce a buɗe ga waje, ƙarfe nawa za a kwafi bayanai a adana, daga ina na'urar za ta riƙa daidaita agogonta. A tsarin Linux, wanda mafi yawan sabar intanet ke kansa, saiti rubutu ne zalla a cikin ɗaruruwan ƙananan fayiloli.

Idan sabar ɗaya ce ko biyu, hannu ya isa. Idan sun kai 50, hannu ba ya iyawa. Yau an gyara wannan an manta da waccan, gobe wani ya shiga cikin dare ya canza layi ɗaya bai rubuta ko'ina ba. Bayan shekara guda, na'urorin da aka kafa iri ɗaya kowace ta kama gabanta. Wannan shi ake kira zamewar saiti, kuma maganinta ne ya haifi manhajojin saiti.

Ga yadda abin yake a aikace, da manhajar Ansible. Mai kula da sabar ya buɗe fayil ya rubuta layuka kaɗan, ma'anarsu ita ce: a tabbatar akwai manhajar daidaita agogo a kowace na'ura, a tabbatar ga abin da ke cikin fayil ɗin saitinta, a tabbatar tana aiki. Ya ba da umarni. Sunayen na'urori su fara sauka a allo ɗaya bayan ɗaya. Wadda take daidai ta fito da kore. Wadda aka gyara ta fito da ruwan ɗorawa. Wadda ta ƙi, ko ba a same ta ba, ta fito da ja. Idan ya sake ba da umarnin nan take, waɗanda aka gyara ɗazu sai su koma kore, domin babu sauran abin gyara. Wannan hali, wato maimaita umarni ba ya ƙara komai a kan abin da ya riga ya daidaita, shi ne ginshiƙin fannin baki ɗaya.

Sauran kalmomin gajeru ne. Fasali shi ne wani aiki na musamman da manhaja ke iya yi. Siga ita ce fitowar manhaja mai lamba, kamar 2.16 ko 2.17. Jadawalin gaba shi ne takardar da masu manhaja ke bayyana abin da suke nufin ƙarawa, canzawa ko cirewa a sigogi masu zuwa. Buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda kowa ke iya karanta rubutun da aka gina ta da shi, ya gyara, ya raba. Lasisi shi ne sharuɗɗan doka na amfani da ita. Idan kuma wasu suka ɗauki rubutun buɗaɗɗiyar manhaja suka ci gaba da ita da wani suna, an ce sun yi reshe.

Daga Oslo zuwa hannun manyan kamfanoni

Fannin ya soma ne a jami'a. A 1993 Mark Burgess, masanin kimiyyar fiziks da ke aiki a Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway, ya rubuta CFEngine don ya huta da gyaran kwamfutocin sashensu da hannu. Tunaninsa shi ne a faɗa wa na'ura halin da ake so ta kasance a ciki, ita kuma ta riƙa duba kanta tana komawa kan hanya. Luke Kanies ya fito da Puppet a 2005. Chef ta biyo baya a 2009, Salt a 2011, sai Michael DeHaan ya saki Ansible a 2012. Terraform ta kamfanin HashiCorp, wadda ta fi karkata ga kafa na'urorin haya a cibiyoyin manyan kamfanoni, ta zo a 2014. Kafin dukkan waɗannan na baya, tun 1997, akwai Webmin, mai bai wa mutum damar saita sabar ta shafi mai maɓallai, kuma har yau ƙananan ofisoshi suna amfani da ita.

Abin lura shi ne inda suka ƙare. Red Hat ta sayi Ansible a 2015, IBM ta sayi Red Hat a 2019 kan dala biliyan 34. A 2020 Progress ta sayi Chef, VMware ta sayi kamfanin Salt, sannan Broadcom ta haɗiye VMware a 2023. Perforce ta sayi Puppet a 2022. IBM ta kammala sayen HashiCorp a farkon 2025. Cikin shekaru goma, manyan manhajojin fannin sun bar hannun waɗanda suka ƙirƙira su. Wannan ba laifi ba ne a kan kansa, domin kuɗin kamfani ne ke biyan albashin masu toshe ɓarakar tsaro. Amma wanda ke biyan albashi shi ke da babbar murya a jadawali.

Yadda fasali ke shiga jadawali

Hanyoyi uku ne a zahiri, ba su kuma yi daidai da juna a ƙarfi ba. Ta farko ita ce buƙatar manyan abokan ciniki: banki ko kamfanin jiragen sama mai sabar dubbai, wanda ke biyan kuɗin tallafi duk shekara. Ta biyu ita ce larurar gyaran gida, wato abin da masu rubuta manhajar suka ga dole a yi don kada ginin ya rushe. Ta uku ita ce gudummawar jama'a: rahoton matsala, shawara a rubuce, ko gyaran da wani ya rubuta da kansa ya miƙa.

Ayyukan da suka balaga suna da ƙa'ida a kan haka. Harshen Python, wanda da shi aka rubuta Ansible da Salt, tun shekarar 2000 yake da tsarin da duk babban canji sai an rubuta shi a takarda mai lamba, an bayyana dalili, an kawo abin da za a iya sukarsa da shi, kafin a amince ko a ƙi. Tsarin Linux na Fedora na da makamancin wannan. Zuciyar Ansible, wadda ake kira ansible-core, tana fitar da sabuwar siga kusan duk wata shida, wajen Mayu da Nuwamba, kowace kuma da jadawalinta: ranar rufe karɓar sabbin fasaloli, ranar sigar gwaji, ranar fitowa. Abin da bai nuna ba kafin ranar rufewa sai ya jira zagaye na gaba, ko ya faɗi gaba ɗaya.

Shi ya sa jadawalin gaba niyya ce, ba yarjejeniya ba. Ma'aikatar da ke shirin sayen na'urori ko horar da ma'aikata ya kamata ta dogara da abin da sigar yau ke yi, wanda aka gwada aka gani. Abin da aka ce yana tafe a ajiye shi a matsayin ƙari idan ya zo.

Shafin da ba a cika karantawa ba

Ido yakan tafi kan abin da za a ƙara. Amma ga mai kula da sabar, sashen da ya fi nauyi a kowane jadawali shi ne jerin abin da za a daina tallafawa.

Misali na kusa. Ansible ba ta buƙatar a dasa mata wakili, wato ƙaramar manhaja mai yi mata aiki, a kan na'urar da take gyarawa, amma tana buƙatar ta tarar da Python a can. An daina kula da Python 2 a ranar 1 ga Janairun 2020. Ansible ta ci gaba da haƙuri da tsofaffin na'urori na ƴan shekaru, har sigar 2.17 ta fito a Mayun 2024 ta daina aiki da na'urar da ke kan Python 2.7 ko 3.6. To CentOS 7, ɗaya daga nau'o'in Linux wadda ta bazu a ofisoshi saboda kyauta ce kuma ba ta ba da wahala, da 2.7 ta zo. Red Hat Enterprise Linux 8 da danginta kuma 3.6 ce Python ɗin tsarinsu. Wanda ya sabunta Ansible da safe bai karanta jadawali ba, da rana zai ga allonsa ya yi ja a kan na'urorin da jiya suke kore, alhali bai taɓa su ba. An sanar da wannan canji tun kafin ya zo. Sanarwar tana nan a rubuce, da Turanci, a shafin da mutane kaɗan ke buɗewa.

Masu manhajar suna da hujja mai ƙarfi. Kowane tsohon tsari da aka ci gaba da ɗauka yana cin lokacin gwaji, yana hana amfani da sabbin dabaru, yana kuma barin ƙofar tsaro a buɗe. Ba za a ɗora wa mutum goma nauyin na'urorin shekara 15 ba. Sai dai agogon da suke aunawa da shi na wurin da ake canza na'ura duk shekara uku zuwa biyar ne. A Yamai sabar da aka saya da kuɗin wani shiri na masu ba da tallafi takan ci gaba da aiki shekaru bayan shirin ya ƙare, babu kasafin musanya ta, manhajar da ke kanta kuma wanda ya rubuta ta ya daɗe da tafiya. Ana kula da sigar ansible-core kimanin wata 18 ne kawai. Debian da Ubuntu mai dogon tallafi suna ba da shekara biyar, Red Hat goma. Tazarar da ke tsakanin waɗannan agoguna ita ce ramin da ƙananan ma'aikatu ke faɗawa.

Labarin CentOS kansa darasi ne. A Disamban 2020 aka sanar cewa CentOS 8, wadda mutane suka kafa da tsammanin za ta kai 2029, za ta ƙare a ƙarshen 2021. Rocky Linux da AlmaLinux sun taso don cike gurbin. CentOS 7 kuma ta cika wa'adinta ranar 30 ga Yunin 2024.

Idan sharuɗɗa suka canza

Canjin lasisi ba ya fitowa a jadawalin fasaloli, amma yana iya fin kowane fasali tasiri. A 2019 Chef ta buɗe dukkan rubutunta, ta kuma mayar da haɗaɗɗiyar sigar da ake saukewa a dasa ta zama ta kuɗi, sai jama'a suka riƙa haɗa tasu da sunan Cinc. A Agustan 2023 HashiCorp ta sauya lasisin Terraform zuwa wanda ke taƙaita amfanin masu gogayya da ita a kasuwa, cikin makonni aka yi reshe mai suna OpenTofu a ƙarƙashin Gidauniyar Linux. A ƙarshen 2024 Perforce ta ce sabbin haɗaɗɗun sigogin Puppet za su koma rumbu mai sharaɗi, kyauta ga mai na'urori 25 ko ƙasa da haka, sai ƙungiyar Vox Pupuli ta fito da OpenVox a farkon 2025.

Wannan ya nuna abu biyu. Kyauta ta yau ba ta ɗaure mai kaya gobe. Amma buɗaɗɗen lasisi yana barin ƙofar fita, domin sigar da aka riga aka saki ba a iya ƙwace ta. Ga Nijar wannan ƙofa ba ƙaramin abu ba ce. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, takunkumin CEDEAO da UEMOA ya dakatar da hada-hadar kuɗi da ƙasar, ba a ɗage shi ba sai Fabrairun 2024. Ko mene ne ra'ayin mutum a kan siyasar lokacin, mai tsara na'urorin ma'aikata ya ga da idonsa cewa biyan kuɗin sabunta lasisi a ƙetare na iya gagara ba don babu kuɗin ba. Manhajar da ke daina aiki idan ba ta ji daga gidansu ba, kayan aro ce, kayan aro kuma ba ya rufe katara.

Wuta, rezo da zafin bazara

Yawancin manhajojin saiti an gina su ne bisa zato uku da ba a faɗa: wuta ba ta ɗaukewa, hanyar intanet a buɗe take koyaushe, kuma akwai ma'aikata da yawa da suka raba aiki. Ko ɗaya bai tabbata a Yamai ba.

Kafin 2023 kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkin Nijar daga Nijeriya yake zuwa, na Yamai ta layin Birnin Kebbi. An yanke shi a farkon Agustan 2023, bai dawo ba sai Maris na 2024. Tashar Gorou Banda, da injunanta da kuma filin hasken rana mai megawat 30, ta rage raɗaɗi, madatsar Kandaji kuma ana kan gininta. Duk da haka kowa ya san yadda Afrilu da Mayu suke, lokacin da zafi ke haura digiri 40, buƙatar wuta ta yi sama, kamfanin wuta na NIGELEC ya shiga rabon ta unguwa-unguwa. A ɗakin sabar, tsakanin ɗaukewar wuta da tashin gurup, batura ne ke riƙe da na'urori, zafi kuma shi ne babban abokin gabar batir.

A ɗauka ana tsakiyar sabunta na'urori 30, an gama 12, ta 13 tana rubuta fayil, sai reshen ofis da ke Maraɗi ko Damagaram ya ɓace daga layi. Yanzu akwai na'urori masu sabon saiti, akwai masu tsoho, akwai ɗaya da ba a san matsayinta ba. Wannan rabi-da-rabi shi ne mafi haɗarin hali. A ranar 1 ga Agustan 2012 kamfanin hada-hadar hannun jari na Knight Capital a Amurka ya sa sabuwar manhaja a sabar bakwai cikin takwas, aka tsallake ɗaya. Cikin minti 45 ya yi asarar sama da dala miliyan 400. A can kuskuren mutum ne ya jawo, a nan ɗaukewar wuta kaɗai na iya haifar da irin wannan rarrabuwa.

Ga intanet kuwa, Nijar ba ta da teku, don haka hanyarta zuwa wayoyin ƙarƙashin teku sai ta ratsa ƙasashen maƙwabta. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyi huɗu, WACS, MainOne, SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama suka shiga matsala. Shirin wayar gilashi mai ratsa Sahara da Bankin Raya Afirka ke tallafawa, wanda ya haɗa da cibiyar adana bayanai ta ƙasa a Yamai, da kuma shigowar Starlink a 2025, suna ƙara hanyoyi. Ba su kawar da buƙatar shiri ba. Manhajar saiti da sai ta sauko da kayan aiki daga rumbun da ke Turai duk lokacin da aka tashe ta, ranar da hanya ta yanke ba ta da amfani, alhali ranar ce aka fi buƙatarta.

Idan da daga Yamai ake rubuta jadawali, abubuwan da za su hau sama a bayyane suke. Canji ya zama ko ya kammala ko ya koma yadda yake, babu tsaka-tsaki. Aiki ya iya ɗorawa daga inda ya tsaya. Kafa rumbun gida, wato kwafin dukkan kayan da ake buƙata a cikin ma'aikata, ya zama abu mai sauƙi wanda aka rubuta bayaninsa sosai. A rage yawan bayanan da ke kai-komo a kan layi mai rauni. A samu siga mai dogon tallafi. Wasu daga cikin waɗannan suna nan tuni, a warwatse: Ansible da Puppet duka suna da yanayin gwaji da ke nuna abin da zai canza ba tare da an taɓa komai ba, Ansible na iya bin na'urori kashi-kashi ta tsaya idan kashin farko ya faɗi. Amfanin wannan na ƙarshe duniya ta gan shi ranar 19 ga Yulin 2024, lokacin da fayil ɗaya da kamfanin tsaro na CrowdStrike ya tura wa kowa a lokaci guda ya durƙusar da kwamfutoci kusan miliyan 8.5 masu Windows. Cikin gyaran da kamfanin ya yi alkawari daga baya har da sakin sabuntawa mataki-mataki.

Inda ra'ayi ya rabu

Muhawara mafi daɗewa ita ce ta turawa da jawowa. A tsarin turawa, irin na Ansible, kwamfuta ɗaya ce ke shiga sauran ta gyara su. Sauƙin koyo ne da shi, ba a dasa komai, mutum ɗaya na iya farawa yau. A tsarin jawowa, irin na Puppet da CFEngine, kowace na'ura tana da wakili da ke farkawa da kansa, na Puppet duk minti 30, na CFEngine duk minti biyar, ya duba ya gyara. Masu goyon bayan jawowa suna cewa shi ya dace da wurin da layi ke yankewa: na'urar da ke Agadas idan ta dawo za ta nemi saitinta ba sai an tuna da ita ba. Masu goyon bayan turawa suna amsawa da cewa wakili da uwar sabarsa ƙarin kaya ne da sai an kula da su, a ofishin da mutum ɗaya ke riƙe da sabar, da firinta, da wayar shugaba. Duka biyun suna da gaskiya. A ganina ma'aikata mai rassa a jihohi ta fi buƙatar jawowa, ko da ta hanyar ansible-pull ne, wato yanayin jawowa na Ansible, mai ɗaki ɗaya kuwa turawa ta ishe ta.

Akwai masu cewa zamanin waɗannan manhajoji ya wuce, tunda an koma haya a cibiyoyin manyan kamfanoni da kuma tsarin Kubernetes mai gudanar da manhajoji a kan tarin na'urori. A wasu wurare haka ne. Amma cibiyoyin Microsoft da Amazon na nahiyar nan a Afirka ta Kudu aka buɗe su, a 2019 da 2020, haya da kuɗin waje ake biya, dokar kare bayanan mutane da hukumar HAPDP ke sa ido a kanta kuma ta sa sharuɗɗa a kan fitar da bayanan ƴan ƙasa waje. Sabar da ke cikin gida za ta daɗe, ita ma Kubernetes a kan na'urar da aka saita take zama.

Batun ƙirƙirarriyar basira, wadda Red Hat ta shigar a 2023 da sunan Ansible Lightspeed don ta riƙa rubuta wa mutum umarni, yana cin wuri babba a jadawalan yanzu. Tana rage wahalar mai koyo. Tana kuma iya sa mutum ya tura wa na'urori 50 abin da bai fahimta ba.

Sai ra'ayin da ke da farin jini tun kafuwar ƙawancen ƙasashen Sahel na AES: ƙasa ta gina manhajarta, ta daina dogaro da na wasu. Manufar abar fahimta ce. Sai dai rubuta manhajar saiti ba shi ne mai wuya ba, kula da ita shekara goma ne: toshe ɓarakar tsaro, gwada ta a kan kowace sabuwar sigar Linux, amsa tambayoyin masu amfani. Cin gashin kai mai ɗorewa ya fi kusa da riƙe rumbun gida na ƙasa, ajiye fayilolin saiti a hannun ma'aikata ba a kwamfutar ɗan kwangila ba, da samun mutanen da ke iya karanta rubutun buɗaɗɗiyar manhaja su gyara. Hukumar ANSI, wadda aka kafa a 2017, da Jami'ar Abdou Moumouni da cibiyar CIPMEN, wurare ne da irin wannan aiki zai iya zama.

Harshe

Kundin tafiyar da mulkin Nijar da aka ƙaddamar a Maris 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Turanci harsunan aiki. Mai kula da sabar a Yamai galibi da Faransanci ya yi karatu, jadawalai da sanarwar cire fasali kuwa da Turanci suke fita. Fassara umarnin manhajar zuwa Hausa ba shi ne abin gaggawa ba, zai ma raba mai aiki da sauran abokan sana'arsa na duniya. Abin da ake buƙata shi ne bayani da horo cikin harshen da ake ji, da kuma tabbatar da cewa haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, ba sa komawa alamar tambaya idan suna ya ratsa daga wannan rumbun bayanai zuwa wancan. Wannan ma batun saiti ne: layi ɗaya da ke tilasta tsarin haruffa na UTF-8 a kowace na'ura.

Abin da zai iya biyowa baya

Idan aka ci gaba yadda ake, sakamako mafi kusa ba rushewa ba ne, daskarewa ce. Mai kula da sabar da sabuntawa ta taɓa ƙona shi zai daina sabuntawa, ya bar tsohuwar siga tana aiki da ɓarakar da duniya ta riga ta sani. Na biyu shi ne ilimi ya taru a kan mutum ɗaya, ranar da ya samu aiki a Dakar ko Abijan ya tafi da shi. Fayilolin saiti da aka rubuta da kyau aka adana a ma'aikata suna rage wannan, domin magaji zai karanta ya ga abin da aka yi da dalilinsa.

Ɗaya hanyar tana buƙatar shiga cikin zancen. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma mai gyaran rufi da ke wata nahiya ba zai sani ba sai an gaya masa, kuma da irin harshen da yake ji. Koke na gaba ɗaya cewa manhaja ba ta dace da Afirka ba ba ya motsa komai. Abin da ke motsawa shi ne rahoto mai cewa: ga siga, ga umarnin da aka bayar, layi ya yanke a mataki kaza, ga halin da aka tarar da na'urar, ga yadda za a maimaita gwajin. Matsalar layi mai yankewa ba ta Yamai kaɗai ba ce, masu kula da na'urorin jiragen ruwa, ma'adinai da ƙananan shaguna a ƙasashe masu arziki suna fama da ita, don haka rahoto daga nan yana da abokan tafiya. Ƙungiyoyi irin su AfNOG, da ke horar da masu kula da hanyoyin sadarwa a Afirka tun 2000, da WACREN mai haɗa jami'o'in yankin, suna iya tattara irin waɗannan rahotanni su zama murya ɗaya.

Kafin nan akwai ranakun da aka riga aka sanar, waɗanda ya kamata su shiga kasafin kowace ma'aikata tun yanzu. Windows 10 ta fita daga tallafi ranar 14 ga Oktoban 2025. Windows Server 2016 za ta bi ta a Janairun 2027. Tallafin yau da kullum na Ubuntu 22.04 zai ƙare a 2027, dogon tallafin Debian 12 a tsakiyar 2028, na Red Hat Enterprise Linux 8 kuma a 2029.